Babban Akwatin Kifi a Gidan Bene: Gargaɗi ga Masu Gidaje da 'Yan Haya

Gabatarwa

An shirya wannan ɗan littafi ne domin mutanen da ke zaune a gidajen bene, irin waɗanda iyalai da yawa ke haya a cikinsu, wani bisa wani. Irin waɗannan gidaje sun yawaita a manyan garuruwanmu, kamar su Kaduna da Kano da Abuja, zama cikinsu kuwa ya zo da waɗansu al'amura waɗanda kakanninmu ba su san su ba. Babba daga cikinsu shi ne, daɓen da kake takawa rufin ɗakin wani ne. Duk abin da ka aza a kansa, a bisa kan maƙwabcinka da iyalinsa ka aza shi.

A cikin kayan ƙawata ɗaki da ake sayarwa akwai akwatin kifi, watau akwatin gilashi wanda ake cika shi da ruwa, a zuba yashi da duwatsu, a saki kifaye masu launi iri iri don kallo. Kiwon kifi don sha'awa tsohon abu ne. Mutanen Sin sun fi shekara dubu suna kiwon jajayen kifayen nan na ado, a shekarar 1853 kuma aka buɗe ɗakin kallon kifi na farko domin jama'a, a gidan namun daji na birnin Landan. Babu aibu ga mutum ya so abu mai kyau a ɗakinsa. Amma akwatin kifi ya bambanta da kujera ko kabad, gama ana sayensa ne wofi, mutum biyu ko huɗu su hau da shi bene, sa'an nan a zuba masa nauyin da ba wanda ya taɓa jin sa a kafaɗarsa. Nufinmu a nan shi ne mu nuna yadda mutum zai auna wannan nauyi a takarda tun bai zuba ko moɗa ɗaya ba.

Nauyin ruwa

Ɗan ga-ruwa ya fi kowa sanin nauyin ruwa. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Saboda haka jarka mai cin lita 25 tana ɗauke da kilo 25, jarka biyu sun yi daidai da buhun siminti guda, wanda yake kilo 50. Duro mai cin lita 200 daidai yake da buhu huɗu. Lita 1,000 kuwa tan ɗaya ke nan cif. Ruwan gishiri, irin wanda ake haɗa wa kifayen teku, ya ɗara haka kaɗan, gama lita 1,000 nasa takan kai kilo 1,025.

Sanin yawan ruwan da akwati ke ci ba shi da wuya. Ka auna tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa da santimita. Ka riɓa tsawon da faɗin, abin da ya fito ka riɓa shi da zurfin, kana ka raba da 1,000. Amsar da ka samu ita ce yawan lita, ita ce kuma yawan kilo na ruwan.

Ban da ruwa akwai gilashin kansa. Murabba'in mita ɗaya na gilashi, watau mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, yana da nauyin kilo biyu da rabi ga kowace milimita ta kaurinsa. Gilashi mai kaurin milimita 12 ke nan yana da kilo 30 a kowane murabba'in mita. Sai a ƙara yashi da tsakuwa da duwatsu, da teburin da akwatin zai zauna a kai. Ga misalai uku.

Ƙaramin akwati: tsawo santimita 60, faɗi 30, zurfi 35. Yana cin lita 63. In an haɗa da gilashi da yashi da tebur, duka zai yi wajen kilo 100, watau buhun siminti biyu.

Matsakaici: tsawo santimita 120, faɗi 45, zurfi 50. Yana cin lita 270. Gilashinsa mai kaurin milimita 10 ya kai kilo 55. Duka da duka zai yi wajen kilo 400, watau buhu takwas.

Babba: tsawo santimita 180, faɗi 60, zurfi 60, wanda masu sayarwa ke kira mai ƙafa shida. Yana cin lita 648. Gilashinsa kaɗai ya kusa kilo 120. In an gama shirya shi zai yi wajen kilo 900, watau buhu goma sha takwas. Wannan daidai yake da a ce ƙarti goma sha uku sun taru sun tsaya a kan tabarmar kwanan mutum ɗaya, ba su kuwa da ranar tashi.

Abin da daɓen bene ke iya ɗauka

Yawancin benayen zamani a ƙasarmu da kankare ake zuba daɓensu, wanda magina ke kira dekin. Ana shimfiɗa rodi, a zuba kwaɓin siminti da yashi da tsakuwa a kai, kaurinsa galibi wajen santimita 15. Daɓen yana kwance ne a kan waɗansu gadoji na kankare da ake kira bim, su kuma suna kan ginshiƙai, ginshiƙan suna kai nauyin har harsashin gini.

Kafin a yi ginin, injiniya yakan lissafta nauyi iri biyu. Na fari nauyin ginin kansa. Na biyu nauyin mutane da kayansu. Ga ɗakunan zama, ƙa'idar Ingila, wadda injiniyoyin Nijeriya da yawa suka saba aiki da ita, ta ƙayyade wajen kilo 150 a kowane murabba'in mita. Ƙa'idar ƙasashen Turai ta sa tsakanin 150 da 200, ta Amurka kuma kusan 200. Bayan wannan injiniya yakan ƙara wani rara a lissafinsa, amma an yi rarar ne don tsoron kuskuren ma'aikata da rashin ingancin kayan gini. Bai halatta ɗan haya ya cinye ta da kayansa ba.

To, a lura da wannan. Ruwa mai zurfin santimita 10 yana danna kowane murabba'in mita da kilo 100. Mai zurfin santimita 20 ya riga ya kai iyakar ƙa'idodin nan duka. Babban akwatin da muka ambata gindinsa bai fi murabba'in mita ɗaya da ɗan kai ba, yana kuwa ɗauke da kilo 900. A daidai wurin da yake zaune ya ninka ƙa'idar Ingila fiye da sau biyar.

Wannan ba ya nufin lalle daɓen zai rufta. An yi ƙa'idar ne bisa ɗakin gaba ɗaya. Ɗaki mai mita huɗu tsawo, huɗu faɗi, an shirya shi ya ɗauki wajen kilo 2,400 in an baza nauyin ko'ina daidai wa daida. Haɗarin akwatin kifi yana cikin abu biyu. Na ɗaya, nauyinsa a dunƙule yake wuri guda. Kowa ya san in an gitta katako a bisa lambatu, mutum zai tsaya a bakinsa lafiya, amma da ya kai tsakiya sai katakon ya lanƙwasa. Haka daɓen bene yake: yana da ƙarfi kusa da abin da ke tallafe da shi, ya fi rauni a tsakiya. Na biyu, nauyin ba ya tashi. Jama'ar da suka cika ɗaki ran suna za su watse kafin magariba, akwatin kifi kuwa zai shekara biyar ko goma a wuri ɗaya. Kankare yana da wata ɗabi'a, in nauyi ya daɗe a kansa yakan riƙa saki a hankali, yana lotsawa kaɗan kaɗan shekara da shekaru.

Har wa yau, duk lissafin nan yana aiki ne in an bi zanen injiniya sa'ad da ake ginin. Sanin kowa ne akwai benayen da aka rage musu siminti, ko aka sa musu rodi mara kauri, ko aka ƙara musu hawa ba da izini ba. Ran 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 ya rushe a unguwar Ikoyi ta Legas ana cikin gininsa, mutum fiye da 40 suka rasu. Tsawon gini da kyan fentinsa ba su nuna abin da ke cikin kankarensa. Soron ƙasa mai azara, da bene mai daɓen katako wanda gara ko ruwa ya taɓa, kada a hau da babban akwati kansu ko kaɗan.

Wurin da ya dace

In da hali, babban akwati a ɗakin ƙasa ya kamata ya zauna, inda daɓen ke kwance a kan ƙasa. In kuwa sai a sama, to, a kiyaye waɗannan.

A jingina shi da bangon da ke ɗauke da nauyin gini, ko a bisa bim, ko kusa da ginshiƙi. Kusurwar da irin waɗannan bangaye biyu suka haɗu ta fi ko'ina. Hanya mai sauƙi ta fara bincike ita ce ka nemi izinin maƙwabcinka na ƙasa ka duba ɗakinsa. In bangon da kake nufi yana da wani daidai ƙarƙashinsa har ƙasa, alama ce mai kyau. In kuwa babu kome a ƙarƙashinsa, to, bangon raba ɗaki ne kurum, shi kansa kaya ne a kan daɓen, ƙara masa akwati ƙarin wahala ne.

Kada a kafa shi a tsakiyar ɗaki don raba falo biyu, ko da yake hakan yana da ban sha'awa. Kada a kai shi barandar da ta leƙo waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta, gama irin wannan baranda gefe ɗaya kaɗai take riƙe, kamar reshen itace. Kada kuma a tara shi wuri ɗaya da waɗansu kaya masu nauyi, irin su buhunan hatsi da kabad ɗin littattafai. Inda daɓen katako ne mai lafiya, a gitta tsawon akwatin bisa katakan da ke ƙarƙashi, domin da yawa daga cikinsu su raba nauyin, kada a bi tsawon guda ɗaya.

A nisantar da shi daga bayan ƙofa, da hanyar da yara ke guje-guje, da tagar da rana ke bugowa. A bar ɗan fili a bayansa yadda ido zai iya gani, hannu kuma ya shiga.

Teburin akwati

Sau da yawa tebur ne ke fara cin amanar mai shi, tun daɓen bai ji kome ba. Teburin talabijin da kabad ɗin kwanuka ba a yi su don wannan aiki ba. Katakon nan na garin katako da aka matse, da ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura ya ruɓe, wurin kifi kuwa ba ya rabuwa da ɗigon ruwa. A sa a ƙera tebur na musamman, na ƙarfe mai kauri da aka yi wa fenti don tsatsa, ko na busasshen katako mai ƙwari, da 'yan sanduna a gicciye don kada ya karkata.

A duba ƙafafunsa. In kilo 900 ya sauka a kan ƙafa huɗu, kowace ƙafa tana ɗauke da kilo 225 a wurin da bai kai tafin hannu ba, wannan kuwa ya isa ya fasa tayil. Gara teburin ya zauna a kan firam mai kewaye duk gindinsa, ko a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashi. Amma a sani, katakon yana kare tayil ne kawai. Bai rage wa daɓen ko kilo ɗaya ba.

Tilas ne saman teburin ya zama a miƙe, ba tudu ba kwari, ba kuma karkata. A gwada da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a ciki, tsawo da faɗi. In kusurwa ɗaya ta fi sauran tudu, gilashin zai murɗe, gilashi kuwa ba ya jure murɗawa. Akwatin da gindinsa gilashi ne tsantsa, a shimfiɗa masa farin soson nan da ake kunshe firiji da shi, domin ƙwayar tsakuwa ɗaya tsakanin gilashi da tebur ta isa ta tsaga gindin.

Gilashi da danƙo

Ruwa yana danna ƙasa, yana kuma tura gefe. Ƙarfin turin nan ya danganta ga zurfin ruwan. A babban akwatinmu mai zurfin santimita 60, ruwan yana tura gilashin gaba da ƙarfin da ya kai kilo 324, dare da rana. In aka ninka zurfin ya zama santimita 120, turin zai ninka sau huɗu. Don haka dogon akwati siriri, wanda mutum zai zaci ba shi da haɗari, ya fi gajere mai faɗi bukatar gilashi mai kauri.

Masu sana'ar sukan yi ƙaramin akwati da gilashin milimita 5 ko 6, matsakaici da na 10, mai ƙafa shida da na 12, sa'an nan su ɗaure bakinsa da sandunan gilashi don kada ya buɗe. Kada a cire waɗannan sanduna wai don sun tare kallo. Kada kuma a yarda mai yankan gilashi ya haɗa babban akwati da gilashin taga.

Abin da ke riƙe da gilasan shi ne danƙon silikon. Shi ma yana tsufa. Wanda zai sayi tsohon akwati, musamman wanda ya daɗe a bushe cikin rana, ya duba haɗin sosai. In danƙon ya fara ɓamɓarewa, ko kumfa ya bayyana a cikinsa, ko gefen gilashin ya ɓantare, a bar shi. Araha ba ta ado.

Kada wani ya ce ai nasa na kamfani ne, ba abin da zai same shi. A wani otel da ke tsakiyar birnin Barlin na ƙasar Jamus an yi wani akwatin kifi mai suna AquaDom, wanda aka buɗe a 2003. Da wata roba mai kauri mai kama da gilashi aka yi shi, yana cin lita miliyan ɗaya, da kifaye wajen 1,500, ƙwararru ne kuma ke kula da shi. Da asubar ran 16 ga Disamba 2022 ya fashe gaba ɗaya. Ruwan ya ɓalle ƙofofi ya kwarara har titi, mutum biyu suka ji rauni, kusan duk kifayen da ke ciki suka mutu. Da abin ya faru da rana, sa'ad da wurin ke cike da 'yan kallo, da ɓarnar ta fi haka nesa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Cikawa ta farko

Kafin a hau da akwati bene, a gwada shi a ƙasa, a tsakar gida, bisa wuri mai laushi kuma a miƙe. A cika shi, a shimfiɗa takarda a ƙarƙashi, a bar shi kwana biyu ko uku. In takardar ta jiƙe, an gane ciwon tun bai yi ɓarna ba.

Bayan an kai shi mazauninsa, a zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a dakata, a duba ko fuskar ruwan ta yi daidai da bakin akwatin ta kowane gefe. In ta karkata, a kwashe ruwan a gyara teburin tukuna. In ta yi daidai, a ƙara kashi na biyu, a sāke dubawa, kana a cika. A yi wannan aiki da safe, ranar da mai shi zai wuni gida. Duwatsu a aza su a hankali yadda ba za su gangaro su bugi gilashi ba. Faufau kada a ja akwati ko a ɗaga shi da ruwa a ciki.

Wutar lantarki

Akwatin kifi yana tafe da famfon iska da injin tace ruwa da fitila, wani lokaci da abin ɗumama ruwa saboda hunturu. Wutar gidajenmu mai ƙarfin bolt 230 ce, tana kuwa kisa, balle ga mai jiƙaƙƙen hannu da ke tsaye ba takalmi. A kashe kome a zare fulogi kafin a tsoma hannu cikin ruwan. Kada a ajiye soket a ƙasa ko a ƙarƙashin akwatin. Kowace waya a bar ta ta sauko ƙasa da soket sa'an nan ta hau, domin in ruwa ya biyo ta ya ɗiga a ƙasa, kada ya shiga soket. A sa mai gyaran wuta ya tabbatar wayar ƙasa tana aiki, ya kuma sa na'urar nan da suke kira RCD, wadda ke yanke wuta nan take in ta fara zurarewa.

Ɗauke wuta ma yana da nasa haɗari. In famfon iska yana ƙasa da fuskar ruwa, wuta ta ɗauke, ruwan yana iya biyo siririn tiyon ya zubo, har akwatin ya rage da yawa ba wanda ya sani. Maganinsa a ɗora famfon sama da fuskar ruwa, ko a sa wa tiyon ɗan bawul mai hana ruwa komowa. Mai ƙaramin tankin tacewa a cikin teburin ya kashe wuta da gangan sau ɗaya, ya ga ko tankin zai iya ɗaukar ruwan da zai gangaro masa. Abin ɗumama ruwa kuma a kashe shi kafin a rage ruwa, gama in ya yi zafi a bushe yakan fashe.

Yara

Ƙaramin yaro yana iya nutsewa cikin ruwa kaɗan ƙwarai, cikin ɗan lokaci, ba tare da an ji motsinsa ba. A yi wa akwatin murfi mai ƙarfi, a kawar da kujera da duk abin da yaro zai taka ya hau. Dogon tebur siriri a ɗaure shi da bango. A hana yara dukan gilashi da wasan ƙwallo a ɗakin. Magungunan ruwa da abincin kifi a kulle su. Mai rauni a hannu kada ya tsoma shi cikin ruwan, gama akwai ƙwayoyin cuta da kan shiga ta nan, kowa kuma ya wanke hannu da sabulu bayan ya gama. Akwatin da ba kifi a ciki a zubar da ruwansa, kada ya zama gidan sauro.

Hakkin mai gida da na maƙwabci

In akwati mai lita 648 ya fashe a ɗaki mai mita huɗu da huɗu, ruwan zai kwanta zurfin santimita huɗu daga bango zuwa bango. Jarka 26 ke nan aka tuntsurar gaba ɗaya. Zai bi tsaga da bututun waya ya sauka kan gadon na ƙasa da kayan wutarsa. Ƙaramin yoyo da ya daɗe ma yana da nasa sharri, domin in laima ta kai ga rodi sai ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura, ta tsaga kankaren daga ciki.

Saboda haka wajibi ne ɗan haya ya nemi yardar mai gida a rubuce kafin ya sayi babban akwati, ya kuma sanar da wanda ke ƙarƙashinsa. Wanda ya yi sakaci har dukiyar wani ta salwanta, shari'a tana iya tilasta masa biyan diyya. Mai inshora ya tambaya ko takardarsa ta haɗa da ɓarnar ruwa.

Ga shawararmu game da girma. Akwatin da bai wuce lita 100 ba, tebur mai ƙarfi ya ishe shi a kowane gini mai lafiya. Daga lita 100 zuwa 300, a bi duk abin da muka faɗa game da wurin ajiyewa. Abin da ya haura lita 300, kada a zuba masa ruwa a bene sai injiniyan gine-gine ya zo ya duba. A nemi wanda ke da rajista da majalisar kula da aikin injiniya ta Nijeriya, wadda ake kira COREN, da aka kafa a 1970. A ba shi awon akwatin da jimlar nauyinsa, da zanen ginin in mai gida yana da shi, a kuma karɓi amsarsa a rubuce. Cewar mai sayar da kifi ko birkila wai ba kome ba hujja ba ce. Ladan injiniya bai kai kuɗin gyaran silin ɗaya ba.

Alamun haɗari

Sau ɗaya a mako a shafa haɗin gilasan da busasshen hannu, a leƙa cikin teburin da bayansa. Abubuwan da za a lura da su su ne: laima ko farin gishiri a bakin danƙo, gilashin gaba ya turo ciki waje, ruwa yana raguwa fiye da yadda aka saba, fuskar ruwan da dā take daidai ta fara karkata, tayil ya tsage ko ya ɗago, ƙofar da ke kusa ta fara cijewa, sabuwar tsaga ko tabon ruwa a silin na ƙasa.

In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a fara rage ruwa nan da nan da tiyo, a juye kifayen cikin baho da ruwansu. Rage rabin zurfin ruwa yana mai da turin da ke kan gilashi kashi ɗaya cikin huɗu. In tsagar a jikin gini take, kada a shafe ta da siminti a ce an gyara, a kira injiniya. In kuwa akwatin ya riga ya fashe, abu na farko a kashe wutar gidan daga babban makunni, da busasshen hannu, ana tsaye a busasshen wuri. Sai a fitar da yara, a sa takalmi saboda gilashi, a aika wa na ƙasa ya kashe tasa wutar ya kau da kayansa.

Duro da tankin ruwa

Duk abin da aka faɗa a nan ya shafi waɗanda ba su taɓa kiwon kifin ado ba. Saboda ƙarancin ruwan famfo, mutane da yawa sukan jera duro a baranda ko a banɗaki na sama. Duro uku cike kilo 600 ne. Tankin roba mai lita 1,000 tan ɗaya ne, yana kuwa zaune a wurin da bai fi murabba'in mita ɗaya da kaɗan ba, watau ya fi babban akwatin kifi danna daɓe. Haka kuma masu sha'awar kiwon tarwaɗa a tanki, sana'a ce mai kyau, amma wurinta ƙasa.

Abubuwan tunawa

1. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ka yi lissafi kafin ka saya.
2. Ka haɗa nauyin ruwa da gilashi da duwatsu da tebur.
3. Ɗakin ƙasa ya fi. A sama, jikin bango mai ɗaukar nauyi. Ban da tsakiyar ɗaki, ban da baranda.
4. Tebur na musamman, mai ƙarfi, a miƙe.
5. Ka gwada akwatin a ƙasa tukuna, ka cika shi kashi kashi.
6. Ka zare fulogi kafin ka taɓa ruwa.
7. Ka rufe akwatin saboda yara.
8. Ka nemi yardar mai gida a rubuce, ka sanar da maƙwabci.
9. Fiye da lita 300, sai da izinin injiniya.

Wanda ya karanta wannan ɗan littafi, muna roƙonsa ya karanta wa maƙwabtansa na sama da na ƙasa, ya kuma nuna wa mai gidan da yake haya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.